Inda Direbobi Suke Cin Tuwo

Har yau ina mamakin yaron nan da Kawu yake ɗora wa kayan riguna a Zariya ya ce maza ya kai Abuja. Ina hango shi, siriri, mai yawan kunya, ba ya iya ɗaga ido ya dubi babba, ga lalita ɗaure a ƙugu ƙarƙashin taguwa, jim kaɗan ya kai hannu ya shafa ya ji ko tana nan. Ni ne fa. Ko daga ina ya samo ƙarfin halin shiga garin da ba shi da kowa, garin da gidajensa ba su da zaure balle a yi sallama a ce ga baƙo ya sauka? Amma ya shiga, ya kai saƙo, ya karɓo kuɗi, kuma a tsakanin kaiwa da karɓowar nan ya koyi yadda baƙo yake neman abin da zai sa a bakin salati.

Riguna ne ɗinkin hannu, aska biyu da aska takwas da 'yar madaka, waɗanda aka shafe watanni ana duƙe a kansu a soron gidanmu, sannan aka kai wa mabuga suka buge su har shaddar tana ɗaukar ido. Kawu yakan naɗe kowace ɗaya a takarda, ya jera su cikin adudun da Iya ta zo da shi gidan aure, ya jefa ƙwayar kafur, ya ɗaure da igiyar rama. Iya kuma tun dare ta ƙulle mini guzuri a ɗan tsumma, ƙuli-ƙuli da dakuwa da soyayyar aya, in an yi sa'a har da ɗan dambun nama. Takan ce, "Ka riƙa ci da kaɗan-kaɗan, garin nan an ce ko ruwa saye ake yi." Duk abin da na tauna a hanya ƙamshin kafur yake yi.

Da asuba muke tashi daga Kwangila. In an wuce Kaduna, an bar Kateri da Jere a baya, sai direba ya ratse a Tafa, mota ba ta gama tsayawa ba 'yan talla sun rufe tagogi da dafaffen ƙwai da rake da burodi, hayaƙin balangu yana shigowa ta kowace kafa. Ni ban cika sauka ba, ina rungume da aduduna. Abin da nake jira shi ne Dutsen Zuma. Da ya ɓullo wajen Madalla sai in zaro takardar naira ɗari, wadda ta fito a 1999, in juya bayanta in gwada hoton da dutsen, in ga lallai shi ne. Kawu ya sha gaya mini kada in ji baƙunta a ƙasar nan, domin Abu Ja da ya kafa tsohuwar Abuja a 1828 jinin sarautar Zazzau ne, garinsa ne ya koma Suleja da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, kuma har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinsu. Nakan riƙe maganar nan a zuci har mu wuce Zuba da ƙamshin lemunta da abarba, mu wuce Dei-Dei da Kubwa da Gwarimpa. Da an sauke ni a tashar Jabi sai maganar ta gudu ta bar ni.

Mai karatu, ka tuna tashar nan kuwa? In rani ne jar ƙura ta bi ƙafa har gwiwa, in damina ce taɓo ya riƙe takalmi ya ƙi saki, 'yan kamasho suna ta "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!", wani can yana kiran Gusau da Sakkwato, masu faci suna dukan ƙarfe, mai kaset ya ƙure murya da wa'azi, na kusa da shi ya ƙure da kalangu, ga warin baƙin mai ya gauraya da ƙamshin gasasshiyar masara har hanci ba ya iya raba su. A ƙarƙashin wata laima mai ruwan ɗorawa nake biya a buga mini waya shagon maƙwabcin Kawu, in ce a gaya masa na sauka lafiya, idona a kan agogo kada minti ya cika. Daga nan in hau acaɓa, adudu a cinya, a nufi Maitama ko Asokoro, gidajen Alhazan da nake kai wa rigunan.

Can baƙuntar take. "Alhaji ya fita." "Alhaji yana barci." "Alhaji ya ce ka dawo gobe." Mai gadi ne yake faɗa ta 'yar tagar ƙyaure, sai in koma gindin katanga in zauna, yini ya zama kwana, kwana ya haifi wani, guzurin Iya ya ƙare har in karkaɗe tsumman. A gida, in rana ta yi sanyi, kunne kaɗai ya ishe ka sanin gidan da ake shirin tuwo, ga lugude yana tashi daga bayan katanga, ga ƙamshin daddawa ya cika lungu, ga 'yan mata da tallar ɗanwake da dafa-duka. A waɗancan tituna masu faɗi da furanni babu turmi, babu talla, babu hayaƙi. Sai haushin kare da gurnanin janareto.

Na fara da inda ido yake kai baƙo, wuraren nan masu gilashi da allo mai haske, inda sanyi yake dukan fuskarka da ka tura ƙofa, abinci yana jere bayan gilashi kana nunawa da yatsa. Shinkafa ce mai launi da cinyar kaza, a haɗo ka da cokalin roba. Tsabta kam akwai ta, ba kuma zan ce babu daɗi ba. Sai dai kuɗin faranti ɗaya ya cinye na yini biyu a lissafin Kawu, kuma in na kwanta a masallacin tasha da dare sai in ji cikina yana tambayata yaushe za a ci abinci. Wanda ya tashi da tuwo, in bai ci shi ba, da yunwa yake kwana ko da ya ƙoshi.

Wani tsohon direba ne mai farin gemu, wanda yake jan motar Katsina, ya lura da ni ina ta juye-juye a kan tabarma. Ya ce, "Samari, me ka ci yau?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, a garin da ba naka ba kada ka bi allo, bi direba. Mu hanya ce a gabanmu. Wanda zai kai mota Katsina ba ya komawa inda aka taɓa ɓata masa ciki." Sannan ya jero mini sauran a hankali, yana jan carbinsa: in duba inda tukunya take ƙarewa kafin lisha, in duba ko mai abincin tana zuba wa 'ya'yanta daga tukunyar da take sayarwa, in leƙa ruwan wanke hannu, in shaƙi hayaƙin in ji na itace ne ko na kananzir. Ya tashi ya zura takalmi. Ya ce, "Biyo ni."

Muka fita ta bayan tasha, muka bi wata 'yar siririyar hanya tsakanin shagunan masu walda da masu tsofaffin tayu, muka nufi cikin ƙauyen Jabi, har muka iso wata rumfa ta kwano da buhu. Benci uku ne, da aci-bal-bal a kan gwangwani, da manyan tukwane a kan duwatsun murhu, a bayansu wata dattijuwa Banufiya zaune a kujera 'yar tsugunno, mara a hannunta. Nna kowa yake ce mata. Ta dube ni sau ɗaya ta ce da Hausarta mai karyewa, "Wannan yaro bai ci tuwo ba." Ba ta tambaye ni na nawa ba. Ta ɗauko wata langa mai ɗan ɓantare a baki, ta sa malmala biyu ta tuwon shinkafa, fari sol, mai laushi, tururi yana tashi, ta kwarara miyar wake a kai, ja jawur da manja, da gutsuren busasshen kifin da ake kawo mata daga Bida, kifin da hayaƙi ya ratsa har ƙaya. Na yi bisimilla na kai lomar farko, sai na ji kafaɗuna sun sauka. Ashe tun Kwangila suke a ɗage.

Daga ranar na zama ɗan gida. Tana yin miyar kuka saboda Hausawa, da ta busasshiyar kuɓewa, ga kwalbar man shanu rataye da zare a jikin dirkar rumfa, mai so ya ƙara wani abu a ɗiga masa. Amma ni wake nake bi. Itacenta matan Gwari suke kawowa da sassafe, kaya a kafaɗa, su sauke, su kurɓi koko, su wuce kasuwa da doyarsu. In na yi sammako nakan tarar da ɗumame, in na yi dare ta kankaro mini ƙanzo ta jiƙa da sauran miya, shi wannan ba na kuɗi ba ne. 'Yar Murtala nake miƙa mata, wadda ta sha hannu har ta yi laushi, ta jefa a gwangwanin madara ko dubawa ba ta yi. Ranar da lalita ta bushe kuwa sai ta ɗauki gawayi ta ja layi a jikin kwanon rumfa ta ce, "Sai Alhajinka ya tashi daga barci." Layukan mutane da yawa ne a wurin, kowa ya san nasa. In ka biya, kai za ka goge da hannunka.

Abin sha kuma iliminsa daban. Da hantsi matan Fulani suke isowa daga rugagen bayan Karmo da Gwagwa, su sauke ƙore a inuwar mangwaro, su ɗaga faifai. Akwai kindirmo mai kauri da maiƙo, akwai tsala da aka cire wa mai, akwai kuma wanda aka tsinka da ruwa aka ɗaure da garin 'ya'yan kuka, shi wannan tsaminsa a gefen harshe yake tsayawa. Wata Adda nake zuwa wa, mai zanen saƙi da jerin 'yan kunne, da ta hango ni sai ta ce, "Kaɗo, yau ma?" Ta jefa curin fura a ƙwarya ta shiga damu, ludayi yana ƙwanƙwasa gefe, ƙamshin citta da kanumfari yana tasowa, ta miƙo mini da hannu biyu. Zoɓo da kunun aya kuwa a tsofaffin robobin ruwa ake sayarwa, cikin kula da ƙanƙara. An koya mini in murɗa murfin kunun a kusa da kunne. In ya yi tsaki, ya juya ke nan, sai a mayar.

Da dare teburin mai shayi ne majalisarmu. Mutumin Maraɗi ne, ya jera gwangwanayen madara sun yi bene, burodi a gefe, buta a kan garwashi, yana ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayi cikin wani kofin ko ɗigo ba ya zuba, ga 'yar rediyo ɗaure da roba tana kawo shirin dare na BBC. A teburin nan ake sanin gari. A nan na ji cewa mai son kilishi ya tafi Area 1 a Garki, ya ɗaga shi ga rana ya ga ko haske yana ratsawa, ya lura kada tunkuza ta fi naman yawa. A nan na ji cewa ɗanyen kifi sai kasuwar Kado, kusa da mu. A nan kuma aka ce mini kada in kuskura in bar harabar Masallacin Ƙasa ranar Juma'a da an sallame, in tsaya in zaga, domin masu waina da dabino da turare da huluna duk suna nan, kuma da wuya mutum ya zaga bai ji Hausar garinsu ba. Haka kuwa aka yi. Har ɗan unguwarmu na gani yana sayar da zare.

A 2003, shekarar da aka yi wasannin Afirka a sabon filin wasa, aka kuma yi taron ƙasashe renon Ingila har Sarauniya ta zo, gari ya cika da baƙi, riguna suka yi kasuwa. Wani Alhaji da muke wa ɗinki ya sayi aska takwas zai ba wani Bature abokin cinikinsa, ya ce in biyo shi wani babban otal in nuna wa baƙon yadda ake saɓa hannun riga a kafaɗa. Da aka gama sai aka ce a zauna a ci abinci, har da ni. Farin ƙyalle a tebur, cokula a jere kowanne da aikinsa, na riƙa bin hannun Alhaji, abin da ya ɗauka in ɗauka. Aka kawo wa Baturen wani dogon littafi na giyar inabi, ta Faransa da ta Italiya da ta Afirka ta Kudu. Ni da Alhaji lemo aka kawo mana, wancan ba abin shanmu ba ne, babu kuma wanda ya yi mana tayi. Amma na zuba ido. Ma'aikacin ya nuna masa kwalbar, ya tsiyaya ɗan kaɗan a kofin gilashi mai dogon wuya, Baturen ya juya shi a hankali, ya kai hanci, ya lumshe ido, sannan ya kurɓa ya gyaɗa kai. Alhaji ya raɗa mini cewa masu abin daga ƙamshi suke gane ƙasar da inabin ya fito. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Haka Iya take yi da nono, ta ɗaga faifai ta sunsuna ta ce wannan na farkon damina ne, shanun sun fara cin ɗanyar ciyawa. Kifin da aka kawo mana ranar kuwa, da man shanu da lemon tsami, gaskiya ɗaya ce, ban sake cin irinsa ba.

Bayan nan sai tsoron tukunyar wasu ya ragu mini. Na ci sakwara da miyar agushi a Utako wajen wata mata 'yar Binuwai, na ci amala wajen wata Bayarabiya a Wuse, na ci gasasshiyar doya da manja da yaji a bakin titi ina tsaye. Tambaya ɗaya nake yi kafin in zauna: naman yankan wa? Ban taɓa ganin wadda ta ji haushi ba. Wata ta ce wajen mahautan Dei-Dei take sarowa, wata ta ce, "Malam, kai dai ci da kifi," ta kuwa zaɓo mini mai tsoka.

Ranar da Alhaji ya biya, ranar tafki ce. In fara zuwa in goge layina wajen Nna, in tsaya gaban mai tukuba ya yanka mini balangu, ya barbaɗa yaji, ya yayyanka albasa, ya naɗe a takardar siminti maiƙo yana ɓullowa ta jikinta, sannan in taka sannu a hankali har bakin tafkin Jabi, ruwan da aka tare tun farkon ginin birnin don a sha, kafin dam ɗin Usuma ya karɓi aikin. Ciyawa ce ta kewaye shi, ga masunta cikin kwale-kwale suna jefa birgi, ga balbelu suna komawa makwanci, kwaɗi sun fara gyaran murya. In zauna in ci, in ƙirga kuɗin Kawu in sake ƙirgawa, in ware na mota, in mayar da saura lalita. Me yake tunani a lokacin, yaron nan, yana lasar yaji a yatsa? Ina jin aure ne, da keken ɗinki nasa na kansa. Duka biyun Allah ya ba shi.

A 2006 aka hana acaɓa shiga cikin gari, rusau kuma yana ta bin unguwanni. Na sauka a Jabi wata rana, na bi hanyar da ƙafata ta sani, sai na tarar da fili fetal, babu rumfa, babu benci, babu masu walda, sai duwatsun murhu baƙi ƙirin da toka. Na tambayi mai faci, ya ce ta koma Karmo. Na je Karmo ranar Talata, ranar kasuwa, na zaga layin masu abinci ina leƙa fuskoki. Wani ya ce ai Madalla ta yi, wani ya ce ta tafi gida Bida wurin 'ya'yanta. Mai shayi ya matsa gaba kaɗan ya sake kafa teburinsa, Adda ta sauya inuwa. Nna ce ban sake gani ba.

Yanzu ɗana ne yake kai kaya. Tun da aka buɗe layin dogo a 2016 yakan hau jirgi a Rigasa ya sauka a Idu, in yunwa ta kama shi ya duba waya ta nuna masa inda ake yabon abinci. Kwanakin baya ya ɗauke ni ya kai ni katafaren kantin nan da aka buɗe a bakin tafkin a 2015, muka zauna muka ci gasasshen kifi muna kallon ruwa, yara suna yawo a ƙananan jirage. Na ci na ji daɗi, na sa masa albarka. Da muka fito na ce ya biya da ni ta tasha, na nuna masa tsofaffin direbobi zaune a benci, na ce in ya zo ya riƙa tsayawa yana gaishe su.

Sana'a ta kai ni Legas da Kwatano da Yamai bayan nan, kuma a ko'ina da shawarar direban Katsina nake neman abinci, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma a Abuja dai, daga manyan otal har rumfunan bayan tasha, ban ci tuwon da ya kama ƙafar na Nna ba. Mai karatu, in kai mutumin Bida ne, ko ka zauna Jabi a shekarun nan, ka kuma san dattijuwar da take sayar da tuwon shinkafa da miyar wake a bayan tasha, mai rubuta bashi da gawayi, don Allah ka isar mata da gaisuwata. In kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ya sa abin da ta ciyar da baƙi a mizaninta.